Maulidi Ya Komo Cikin Marka

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ya gabatar a wajen taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai

 



Sa'ad da Sakatare ya aiko mini da takarda cewa ni ne zan yi jawabi a wannan taro, ya ce in zaɓi abin da na ga dama, muddin dai ya shafi ci gaban garuruwanmu. Na san da yawanku kun zaci zan yi magana ne a kan takin zamani ko rashin aikin yi ga matasa. Waɗannan an sha faɗarsu a wannan zaure, kuma waɗanda suka fi ni sani ne suka faɗa. Ni abin da na zo da shi labarin zagayen Maulidi ne na ƙauyenmu, har guda biyu, tsakaninsu shekara 31. A na farko ina yaro mai riƙe da tuta. A na biyu kuwa ni ne babban baƙo, kuma saura ƙiris a rasa 'yar mutane a dalilina.

Na sani a cikinmu akwai masu yin Maulidi, akwai waɗanda ba sa yi, kowa da malamansa da hujjarsa. Ban zo ba da fatawa ba, domin ban kai ba. Maganata a kan yara ce, waɗanda ake fitar da su ɗari-ɗari bisa hanya a tsakiyar damina, kuma yaran nan duka 'ya'yan 'yan uwanmu ne.

Bari in fara da ɗan lissafi, don malaminmu na lissafi da ke zaune nan gaba ya san wahalarsa ba ta tafi a banza ba. A kowane ƙauye namu ƙidaya biyu ake yi wa shekara. Manomi yana bin taurari, su Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabaha. Taurarin 28 ne, kowane yana yin kwana 13, ban da Jabaha mai kwana 14, jimilla kwana 365 ke nan, shi ya sa damina ba ta sauya mazauni. Liman kuwa wata yake bi, shekararsa kwana 354 ce ko da ɗoriyar kwana ɗaya. Saboda haka kowace shekara Maulidi yakan matso baya da kamar kwana 11, kuma sai ya yi kimanin shekara 33 kafin ya zagayo inda ya tashi. A 1994 ya faɗo wajen 20 ga Agusta. A 2023 an yi hutunsa ran 27 ga Satumba, a 2024 ran 16 ga Satumba, a 2025 ran 5 ga Satumba. A lissafi, na 2026 ƙarshen Agusta ne, na 2027 tsakiyarsa, na 2028 farkonsa, daga nan ya shiga Yuli. Watau dai ya komo cikin marka, kuma zai daɗe a cikin damina kafin ya fita. Matasan da ke shirya zagaye a garuruwanmu yanzu, yawancinsu sun buɗe ido ne sun tarar ana yinsa a bazara, sannan a hunturu, sannan da kaka. Ba su taɓa fitar da yara ƙarƙashin hadarin Agusta ba.

Wanda bai san yankinmu ba zai ce mene ne abin damuwa, ai in ruwa ya zo sai a fake. To ƙasarmu ta arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, zuwa Dambatta da Makoɗa da Minjibir, ba irin ƙasar da gari yake dunƙule wuri guda ba ce. Babu daji, babu saura, gona tana manne da gona har gindin katanga, kuma gidaje a warwatse suke cikin gonakin, unguwa nan unguwa can. Ƙauyenmu unguwa biyar ne, kuma ba ka zuwa wata daga wata sai ka ratsa gonaki ta burtali ko ta 'yar siririyar hanya. Da rani kana hango mutum tun daga nesa. A ƙarshen Agusta kuwa gero ya fi ƙato tsawo, dawa ta rufe, yaro in ya yi taku goma daga hanya ya ɓace wa ido.

To ga yadda aka yi a 1994. Na zo gida hutu daga wannan makaranta, ina ji da kaina, ga fararen takalma ga Turanci a baki. A lokacin ƙauyenmu yakan yi nasa zagayen ne ranar suna, kwana bakwai bayan Maulidi, ranar da mutanen birni ke hawa Dala don Takutaha. Tun daga tsayuwar wata kowane dare malamai suna karanta Ishiriniya a ƙofar gidan Liman, littafin nan na Alfazazi mutumin Andalus wanda ya rasu a 1230, amma har yau a bakin tsofaffinmu yake kamar jiya aka rubuta. Su kuma makarantun Islamiyya na unguwannin nan biyar kowace tana ta bita a ɓoye, domin ranar zagaye za a haɗu a ƙofar gidan Dagaci, kowace makaranta ta yi waƙa uku, a fitar da gwani. Maza sukan yi ƙasidun Larabci, 'yan mata su yi yabo da Hausa. Kyautar ba wata mai yawa ba ce, Alƙur'ani ne da yadi da sabulu, amma unguwar da ta ci sai ta shekara tana yi wa sauran gori a bakin rijiya. Babu lasifika ko ɗaya. Mai ba da waƙa ita ce lasifika, 'yan amshi su ne gangarta, kuma a unguwarmu yayata ce mai bayarwa, tana da shekara 16, in ta ɗaga murya ana jin ta daga fadama.

Malaminmu na Islamiyya, Allah ya jiƙansa, dattijo ne a lokacin. Ya ba mu labari cewa wancan karon da Maulidi ya faɗo cikin marka, farkon shekarun 1960, lokacin samun 'yancin kai, shi matashi ne, yakan raka almajirai garin Hakimi karatun Ishiriniya, kuma a gabansa katanga ta faɗa wa wasu da suka raɓe a jikinta. Don haka kwana biyu kafin zagaye ya ɗauki sandarsa ya ce in biyo shi. Muka bi hanyar da za a bi tun daga farko har ƙarshe. Duk gidan da ke bakin hanya sai ya yi sallama, ya roƙi maigida a share zaure a bar shi a buɗe ranar. Kafin ya roƙa sai ya zagaya ya duba gindin ginin, ya daddanna da sanda, ya ɗaga kai ya dubi azara. Zauren da ya ga gindinsa ya sha ruwa ko ya tsage, sai ya gaisa da maigida kawai mu wuce. Ya sauya hanya a wuri biyu don kauce wa kwari. Ya raba yara goma-goma, kowace goma da babba ɗaya wanda ya san sunayensu da gidajensu. Ya ce za a tashi da hantsi, kuma kafin azahar kowa ya kasance a ɗakin uwarsa, domin hadarinmu daga gabas yake tasowa, kuma ya fi son yamma. Ya hana fakewa a gindin rimi ko kuka ko tsamiya saboda tsawa. Wani yaro ya ce, Malam, gawo fa? Ya ce je ka fake, in ka sami ganye ɗaya a kansa da damina ka kawo mini.

Ni aikina tuta. Da yake ni ne ɗan sakandare, aka ba ni farin ƙyalle in rubuta sunan makarantarmu da boko da ajami. Na kwana biyu ina tsara haruffa, amma don rowar kuɗin fenti sai na yi da tawadar allo.

Duk da wannan shiri, ruwa bai jira yamma ba. Kun san halin marka, ba ta da alkawari. Mun baro unguwa ta uku ke nan, sai iska ta tsaya cik, gabas ta yi baƙi ƙirin, sannan sanyin nan mai ƙamshin ƙasa ya bugo mu. Malam ya ɗaga sanda sau ɗaya. Kowane babba ya tattara gomarsa, kafin ɗigon farko ya zama ruwa sosai duk mun shige zaurukan da aka tanada, maza a hannun dama na hanya, mata a hagu. Aka ƙirga, ba wanda ya ɓace. Muka yi tsuru-tsuru muna kallon sababbin kayanmu, wasu ƙanana suka fara kuka.

Can sai muka ji muryar Yaya daga zauren da ke tsallaken hanya. Ta ɗauko waƙar da suka yi wata guda suna ɓoyewa don gasa, ta sake ta a cikin ruwan. 'Yan matan zaurenta suka amsa. Da ta zagayo baiti na biyu sai zauren da ke gaba da su ya karɓa, sannan namu, mu da ba mu taɓa yarda mu yi amshin waƙar mata ba. Ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya, indararo yana ta ambaliya, hanya ta zama rafi, ba ma ganin juna sai dai murya, amma amshi yana tsallaka hanya yana komowa. Matan gidajen suka fito tsakar gida da tabarmi a ka suna guɗa. Wata tsohuwa ta aiko mana da tumu mai zafi a faifai. Mun fi sa'a guda a haka. Da ruwa ya ɗauke aka ƙarasa ƙofar gidan Dagaci cikin taɓo, takalma a hannu. Unguwarmu ba ta ci gasar ba, domin kowa ya riga ya ji waƙarmu, har wasu sun haddace. Tutata kuwa, da na buɗe ta, babu harafi ko ɗaya, sai baƙin zane-zane. Malam ya duba ya yi murmushi ya ce, to, yau ƙasar garin nan ta sha rubutu.

Yanzu sai na biyun, wanda ya fi mini wuyar faɗa.

A Maulidin 2025 matasan ƙauyenmu suka aiko mini da kati, wai ni ne babban baƙo mai jawabi. Zagayen ya girma ƙwarai. Makarantu sun kai tara, kowace da ankonta, ga 'yan agaji da kaki, ga tutoci na buga-inji waɗanda ruwa ba ya wankewa. An mayar da shi ranar Lahadi don mu ma'aikatan birni mu sami zuwa. An rubuta ƙarfe 10 na safe. Ni kuwa na tsaya ɗaurin aure a birni, daga nan aka ce sai an ci abinci, daga nan cunkoson Dawanau ya riƙe ni. A raina ina cewa ai taron ƙauye ne, za su jira. Suka kuwa jira. Na isa ƙarfe uku da rabi, na tarar da yara a tsaye a filin makaranta tun ƙarfe tara, wasu ba su fi shekara biyar ba. Maimakon in ce a tashi, sai na karɓi lasifika na yi jawabin minti 25 a kan muhimmancin tarbiyya.

Ba a tashi ba sai bayan la'asar. Na ga gabas da idona. Na ji wani dattijo yana ce wa shugaban matasan a haƙura a bari sai gobe, shi kuwa ya duba wayarsa ya ce ba a nuna ruwa yau ba. Ni ne kaɗai a wurin da in na yi magana za a ji, kuma ni ne na bi Malam da sanda a 1994. Na yi shiru, don kada a ce saboda lattina aka fasa.

Ruwa ya same mu a tsakiyar gonaki, tsakanin unguwa ta biyu da ta uku. Waƙar duk daga lasifika take fitowa, an ɗora shi a kan A Daidaita Sahu da janareto, yara suna bin abin da aka ɗauka a waya. Iskar farko ta kashe janareton. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar ruwa da tsawa, kuma babu yaron da ya san inda zai nufa, domin ba a gaya wa kowa ba. Wasu suka ruga gindin wata babbar tsamiya, wasu suka raɓe jikin katanga, wasu suka faɗa cikin gero. 'Yan agaji sun yi iyakar ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu, amma mutum goma ba sa tare yara ɗari huɗu da suka watse.

Yaya tana cikin matan da ke biye a baya, yanzu da jikokinta. Ta shiga wani zaure ta tsaya a bakin ƙofa, ta ɗaga waccan tsohuwar waƙa. Muryar ta dushe, ba kamar da ba, amma sa'o'inta mata huɗu ko biyar suka kama mata amshi. Yaran ba su san waƙar ba, sai dai sun ji inda manya suke, suka riƙa fitowa daga cikin gero suna nufo muryar, a jiƙe sharkaf. Haka aka tattara mafi yawansu. Da aka ce a ƙirga, sai aka tarar ba wanda ya san adadin da aka fito da su.

Da magariba wata mata ta zo tana tambayar 'yarta mai shekara shida. Kowa ya zaci tana gidan wani. Muka bazu cikin gonaki da fitilun waya, muna kiran sunanta, ga kwari ya cika yana gudu. Jama'a, na yi shekaru ina aiki, na ga tashin hankali iri-iri, amma ban taɓa jin abin da na ji a wannan dare ba duk sa'ad da haske ya faɗa kan ruwan nan. Sai bayan lisha wani manomi ya same ta a wata bukka a gonarsa, ta ƙudundune tana rawar ɗari, ko kuka ba ta iya yi. Na ɗauke ta a motata zuwa asibiti, ta kwana uku. Katangar da yara suka raɓe kuwa, wani ɓangarenta ya zube cikin daren. Ranar da aka sallami yarinyar na je gidansu ba da haƙuri. Uwar ta durƙusa ta ce, Alhaji, ai mu ne da godiya, ka baro aikinka ka zo mana taro. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

To 'yan uwa, dalilin da ya sa na kawo wannan magana nan shi ne, in kun duba katunan gayyata na garuruwanmu, sunayenmu ne a kai. Mu ne manyan baƙi, mu ne iyayen taro, mu ake jira. Abin da nake roƙo na farko bai buƙatar ko kwabo: wanda aka gayyata taron da yara za su fita da damina, ya isa kafin lokaci, in kuwa ya ga ba zai samu ba ya buga waya ya ce a tashi ba da shi ba, kuma ya faɗa da gaske yadda za su yarda. Jawabi a bar shi sai an dawo, a ƙarƙashin rufi.

Sannan mu zauna da matasan nan tun watan Safar. Ba su da laifi, ba a nuna musu ba ne, kuma sun fi mu ƙwazo. A bi hanya da ƙafa kafin ranar, a nemi zauruka da azuzuwa da masallatan da za a fake, a duba gininsu. A rubuta sunan kowane yaro, a ba kowace goma babba. Hasashen hukumar NiMet da ake karantawa a rediyo yana da amfani, a saurara, amma waya ba ta ganin hadarin da ya taso bayan gonar Dagaci, dattijon da ya shekara 60 yana duban gabas shi yake ganinsa. Ku kuma ɗalibai da ke can baya, kun karanta cewa sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa guda. In kun ga walƙiya ku ƙirga, duk daƙiƙa uku kafin ku ji tsawa kilomita ɗaya ke nan tsakaninku da ita. In kuna jin tsawa, ku janye ƙannenku daga gindin itace da fili, ku shiga gini. Wannan ilmin ku kai shi gida, kada ku bar shi a takardar jarrabawa.

Akwai kuma maganar waƙar kanta, wadda ta fi damuna fiye da yadda na zata. Ban ƙi lasifika ba, amma yaran da na gani a 2025 baki kawai suke motsawa, na'ura ce ke yi musu. Waƙoƙin yabo na Hausa da iyayenmu mata suka tsara a unguwanninmu, ba a rubuce suke ba, ba sa cikin kowane kaset, suna cikin kan mata ne irin su Yaya, kuma a unguwarmu saura su biyar. Na roƙe ta, ta ce da sharaɗin ba za a kawo janareto ba. Yanzu duk ranar Alhamis da yamma, da yake ba a karatun Islamiyya, 'yan mata suna taruwa a zaurenmu tana koya musu, ni kuma na sa ɗana yana rubutawa a littafi, da biro, ba da tawadar allo ba. Zuwa yanzu an rubuta 11.

Na bar takarda a wurin Sakatare. Duk wanda ake yin irin wannan zagaye a garinsu, ko na Maulidi ko na saukar karatu ko wani taron yara da ke faɗowa da damina, ya rubuta sunan garin da sunansa kafin ya tafi, domin mu san wanda zai je ya zauna da masu shiryawa. Na riga na rubuta nawa a layin farko.

Mai girma Uban taro, na ga Sakatare yana duban agogo, kuma wanda ya ba da labarin da na bayar bai kamata ya ƙara tsayar da jama'a ba. Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.